Tukunyar Inna Ta Ƙi Tashi

Laraba da dare, Birnin Kudu

Yau saura kaɗan in yaga lissafin da na kwana uku ina yi. Gobe Malama Hadiza za ta zaɓi ɗaliba ɗaya da za ta kai aikinta gasar kimiyya a Dutse. Ni mayen ƙarfe na lantarki na haɗa: wayar tagulla zagaye ɗari huɗu a jikin guntun rodi, da batirin babur ɗin Yaya Sani. Na auna faɗin bakin rodin da ƙarfin wutar, lissafi ya ce zai ɗaga kusan kilo ɗaya.

Na gwada a ƙaramar tukunyar miyar Inna, wadda ba ta kai haka nauyi ba. Ko motsi ba ta yi ba! Na sake lissafin sau uku, hawaye na ɗiga a takardar.

Inna ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke Rumaisa, wannan ai dalma ce. Ba kya ganin 'yan gwangwan? Mayensu ma ba ya kama ta."

Kunya kamar in nutse. Baba yana dariya ya ciro mini ruwan gatarinsa. Sikelin mai shago ya nuna giram ɗari takwas. Na haɗa wayar, sai ji na yi ƙwas, mayen ya ɗago shi yana lilo! Ashe lissafina daidai ne.

Shafi biyar ya rage mini a littafin soyayyar da na aro, amma ba zan buɗe ba, bayanin gobe nake maimaitawa. Har yanzu ina tsoron tsayawa gaban aji. Amma ko muryata ta yi rawa, in Allah ya yarda gatarin zai tashi.