Kar ka tada motar nan

Ila,

Kana barci, ban tashe ka ba. Bayan sallar asuba na tada motar, sai ƙarar nan ta dawo: ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana buga cokali a kwano. Na ɗora bakin dogon ƙarfe kan injin, ɗaya bakin a kunnena. Daga sama take fitowa, ba daga ƙasa ba, alhamdu lillahi. Da injin ya ɗau zafi sai ta yi shiru.

Na zaro sandar auna mai. Man ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, shi ya sa ba ya hawa saman injin da sanyin safiya.

Na tafi Tanut a babur in sayo sabo. Don Allah kar ka tada ta, ko da masu geron da za mu kai Tarka sun cika ƙofar gida. Su jira ni.

Sannan jiya na yi maka faɗa a gaban Inna, na ce gudunka ne ya lalata injin. Ba kai ba ne. Ranar Talata da mai ya ragu, ni na ƙara mata tsohon baƙin man injin niƙanmu. Ka yi haƙuri. A gaban Inna na zarge ka, a gabanta zan wanke ka.

Yayanka,
Audi