Jiminarmu Har Yanzu Tana Ɗingishi

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya aiki? Ya Maryam da yara? Mu nan Ikara lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

"Yaya, ana gama Sallah zan zo in duba muku jiminar nan." Da bakinka ka faɗa, a gaban Inna. Yau wata uku ke nan. Sai jiya na ga ka rubuta a gurup ɗin dangi wai gidan namun dajin da ƙungiyarmu ta buɗe ɓata lokaci ne, gara a kai yara na birni.

To, na je na birnin. Can sai ka biya mota, ka biya ƙofa, ka biya hoto, sannan ka hango zaki yana barci daga nesa. Mu ba mu da zaki, ban ɓoye ba. Amma a nan manomi ya ɗauko damin harawa, shi ne tikitinsa, 'ya'yansa kuma su ba barewa da hannunsu. Ranar Asabar har daga Taba da Makarfi aka zo, harawa ta cika rumfa.

Jiminar ce kawai take ɗingishi, ni kuwa na gama cika baki cewa ƙanena likitan dabbobi ne.

Ka gaida Maryam, ku sa mu a addu'a. Na ba ka zuwa ƙarshen wata. In ba ka zo ba, zan ɗauko likita daga Zariya, sannan in rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a allon kejin kunkuru.

Yayarka,
Hajara