Cittar da Kike Binnewa a Toka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, labarin Baba na zo ba ki.

Makon jiya ruwan sama ya dake shi a hanyar dawowa daga gonarsa ta Garaku, mura da tari suka kwantar da shi. Na nemi hutu a ofishinmu na Abuja, na kai shi asibiti. Likita ya ce ƙirjinsa lafiya lau, abinci da hutu kawai yake buƙata. To, kin san mijinki. Kwana uku bai taɓa tuwo ba, wai bakinsa ba ɗanɗano. Dama tun rasuwarki bara ya rame. Na tsorata, Inna.

Sai na tuna yadda kike yi mana a gidan nan namu na garin Yara. Atishawa ɗaya za ki ji, tukunya ta hau murhu: citta, kanumfari, masoro, lemun tsami. Ki lulluɓe mu da bargo mu yi sirace, muna kuka kina cewa, "Gumi ya fita, mura ta bi shi." Sannan ki shafe mana ƙirji da man kaɗanya.

Na haɗa shayin na kai masa. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye, ya ce, "Allah Ya yi miki albarka, amma ba shi ba ne."

Na koma tsakar gida na zauna ina hawaye. Sau nawa kika ce in tsaya in ga yadda kike yi, ni kuwa ina saurin kama motar Abuja, ina ce miki gobe?

A haka Maman Rifkatu, aminiyarki ta maƙwabta, ta same ni, ta dawo daga coci ko mayafi ba ta cire ba. Ta ɗanɗana shayin, ta yi dariya. "Ke yarinya, uwarki ba ta dafa citta ɗanya. A toka mai zafi take binne ta tukuna. Ni na koya mata, kina goye. Zuma kuma sai shayin ya ɗan huce."

Mun daina girki da itace, don haka daga murhunta ta ɗebo mana garwashi. Muka gasa, muka daka, muka sake ɗorawa.

Baba ya shanye tas. Yana riƙe da kofin ya ce, "Uwarku ta fi cika masoro." Wannan ne karon farko da ya ambace ki a gabana tun ranar jana'iza. Bai gama rufe baki ba ya tambaya ko da sauran tuwo.

Tarin ya lafa yanzu, Innata. Jiya har masallaci ya taka da kansa.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe miki, Ya bar mana Baba, Ya saka wa Maman Rifkatu da alheri.

Taki har kullum,
Asabe