Kwalayen Kurakuranka da Na Zubar

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu, ya kuma kare ku daga sanyin nan naku da nake jin labarinsa. Mu nan sai godiya. Gwaggo tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, babu wanda ya ragu a cikinsu. Kawu ya daina tuƙi saboda idonsa, yanzu aikinsa zama a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tuƙinsu da baki. Ni kuwa wata na uku ke nan shagon ɗinkina a rufe, kekunan sun yi ƙura, masu kaya sun gaji da sintiri sun kwashe yadinsu. Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Na kira ka har na gaji, in na tura saƙo sai ka amsa da Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan. Kuma akwai abin da na saka a cikin ambulan ɗin nan wanda waya ba za ta iya kai maka ba.

Ka san Baba ya faɗi, ka san ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da na ɓoye maka shi ne Hausarsa ta tafi. A rana ta tara a asibiti ya buɗe baki, muka yi ta hamdala, sai muka ji abin da ke fitowa ba wanda ya san kansa. Ma'aikaciyar jinya ta ce sambatu ne irin na masu wannan ciwo. Gwaggo ta fara matsar ƙwalla tana cewa hankalin ɗan'uwanta ya gushe. Ni kaɗai na gane ba sambatu ba ne, don na san wannan sautin tun ina rarrafe. Yarensa ne, Yaya, wanda ya ƙirƙira da hannunsa. Da na yi wa likita bayani bai yi mini dariya ba. Ya ce yakan faru harshe ɗaya ya ɓace wani ya tsaya, sai ya tambaye ni mutum nawa ne ke jin wanda ya tsaya ɗin. Na ce a da mutum uku ne, Inna ta rasu, Baba ga shi a kwance, na ukun yana wata uwa duniya.

Kai ka fi ni sanin tarihin, amma bari in faɗa maka yadda ni na gan shi. Shekara talatin da biyar Baba ya yi a maɗaba'a yana farautar kurakuran mutane da jan biro kafin a buga littafi. In ya dawo gida sai ya shige ƙaramin ɗakin nan na ƙarƙashin matakala, ya zauna gina yaren da yake cewa babu inda zai karkace, kowace kalma da dalilinta. Inna ta koya don ta faranta masa. Kai kuwa da shi ka buɗe baki. Da na zo bayanka da shekara tara, ko dai koyarwar ta ishe shi ko ku biyun kun ishe shi, bai taɓa zaunar da ni ba. Sai in ga kuna dariya a wajen cin abinci ni ina raba ido. Shi ya sa na raɗa masa yaren kwaɗi, nake kwaikwayonku a gaban baƙi har Inna ta kai mini dundu. Yau na faɗa maka gaskiya, haushi ne kawai, wallahi so nake a sa ni a ciki.

To, ga mai cewa yaren kwaɗi ta koma ɗaliba da furfura a kanta. Na kwaso baƙaƙen littattafansa guda tara, na share su, na jera a kan teburin yankan yadi. Sati shida ina fama. Kai, Baba bai tausaya wa kowa ba! Hanya biyar ya tanada ta ba da labarin abin da ya wuce: daban in ka gani da idonka, daban in faɗa maka aka yi, daban in kana shakka, sauran biyun har yau in na tuno su sai kaina ya sara. Kalmar ruwa kaɗai gaɓa huɗu ce, mutum ya mutu da ƙishi kafin ya gama roƙo. Na haddace gaisuwa, na haddace tambayar ina ke ciwo, na yi ta maimaitawa ina wanke-wanke har maigidana ya ce ko ni ma a kai ni wajen likitan. Ranar da na shirya, na yi masa wanka, na gyara masa matashi, na durƙusa na zuba masa gaisuwar nan tiryan-tiryan yadda take a shafi na farko. Ya dube ni kamar wadda ta zo karanta mitar wuta. Sannan ya juya fuskarsa bango. Na fita tsakar gida na yi kuka mai isata.

Bayan kwana biyu ina mayar da littattafan, sai wasu 'yan takardu suka zubo daga cikin na bakwai, irin guntayen da yake kwasowa daga maɗaba'a, ya sa su alamar shafi. Na ƙirga, goma sha ɗaya. Kowace da kwanan wata a sama, sai jimla ɗaya da baƙin biro, sai ma'anarta da Hausa, sai gyara da ja a ƙasa, in ban da guda ɗaya. Maganganunka ne, Yaya, tun kana shekara huɗu zuwa bakwai. Ashe duk abin da ka faɗa ba daidai ba sai ya rubuta ya ajiye. Na zauna ina dubawa, sai na ga yadda ka yi wa yaren nan aski. Ruwa mai gaɓa huɗu ka mai da shi biyu. Hanyoyi biyar ɗin nan ka dunƙule su ɗaya, ba ruwanka da wanda ya gani da wanda ya ji. Abin da Baba ya ce a sa a ƙarshen magana kai ka jawo shi gaba. Nan na tuno ƙorafin da yake yi kullum, wai kai da Inna kun haɗa baki kun cinye masa yare, don ita ma naka ta bi, tana cewa nasa sai mai dogon numfashi. Na karanta baƙin rubutun a hankali da murya. Wannan ne sautin da nake ji daga gadonsa wata da watanni. Yaren da ya rubuta a littafi tara ya tafi tare da Hausar. Naka da ya yi shekaru yana ja wa jan layi shi ne ya rage a bakinsa.

Yanzu ga laifina, kuma ban nemi ka sassauta mini ba. Lokacin da za a sallamo shi, dole aka kwashe ɗakin ƙarƙashin matakala don a sa gado da keken guragu, tunda ba zai iya hawa sama ba. Ni na yi kwasar. Littattafan na lulluɓe su da sabon yadi kamar kayan gado. A ƙarƙashin tebur kuwa na tarar da kwalaye uku na takalma, cike maƙil da guntayen takardu, a jikin kowanne ya rubuta Kurakurai da manyan baƙaƙe. Na ce a raina, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar kuskure, me zai yi da kwali uku nasa? Ko buɗewa ban yi da kyau ba, na miƙa wa masu kwasar shara da hannuna, har ina yi musu sannu. Da na gane abin da na yi, na bi sawun motar har inda suke juye shara, mai gadin wurin ya nuna mini tudun da aka riga aka ƙone, ya ce Hajiya sai haƙuri. Yaren da Baba yake ji ke nan na zubar, na rungume wanda ba ya ji.

Na ɗauki takarda ta farko na shiga wurinsa. A jikinta kana cewa ne ba ka son ruwan zafi, a sirka maka. Na karanta yadda ka faɗa, da kuskurenka da komai. Yaya, mutumin nan da ya yi wata biyu yana kallon bango ya juyo. Ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ya kama hannuna da na hagunsa, ya kira sunan nan da yake kiranka da shi a yaren, wanda ka hana a faɗa gaban abokanka. Daga nan ya ɓalle da magana. Ya yi ta yi, yana tsayawa yana jiran amsa, yana sake yi. Na tsinci ruwa, na tsinci Inna, na tsinci wata kalma da nake zaton ƙofa ce, sauran duk ya bi iska. Ni dai sai gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa. Da ya ga amsa ba ta zuwa sai ya ƙura mini ido, ya gane Auta ce, ya saki hannuna a hankali. Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar nake tsimin takardun nan, ɗaya bayan ɗaya, sai ranar da ya ƙi cin abinci nake fito da sabuwa. Na ce masa kyanwa ta hau tebur. Na ce masa takalmina ya yi mini kaɗan. Na ce masa Inna ta hana ni fita. Mace mai shekara arba'in da ɗaya tana durƙushe tana kai ƙarar takalmi, shi kuma yana amsawa da gaske, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da doguwar maganar da nake ganin hawaye na bin gefen idonsa. Akwai abin da yake ta nanatawa, jimla ɗaya, safe da yamma, ban san ko roƙo ba ne ko wasiyya ko neman gafara. Na ɗauka a waya na tura maka tun watan jiya, na ga alamar ka buɗe, ba ka ce komai ba. Na gwada maimaita tsofaffin takardun, amma ka san Baba, ko a haka ba ya son a maimaita masa abu. Goma sun ƙare ranar Talata.

Na san abin da ke ranka, ban manta ba. Ina nan ranar da wasiƙarka ta farko ta iso, shekara goma sha takwas ke nan, shafi huɗu cur da yaren, ka ce ka rubuta ne don kewar gida ta hana ka sakat. Ina kallo ya sa tabarau, ya zaro jan biro, ya bi ta layi-layi, ya mayar maka a sabon ambulan ba tare da ya ƙara ko gaisuwa ba. Inna ta roƙe shi har da kuka, ya ce ai gata ya yi maka. Ba ka sake rubutowa ba. Da ka zo rasuwar Inna kwana biyu ka yi, ya yi maka magana da yaren ka amsa da Hausa, na ga yadda ya haɗiye sauran. Ba zan ce ya kyauta ba, bai kyauta ba, ni ma da ni ce da na yi zuciya. Sai dai ka sani mutumin bai iya riƙe abin da yake so ba sai da jan biro a hannu. Ni da bai taɓa gyara mini ko kalma ɗaya ba, ko guntuwar takarda ɗaya ban samu da sunana ba a ɗakin nan. Kai kwali uku ya tara maka.

Jiya likita ya zo gida ya duba shi, ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, in akwai wanda ya kamata ya zo, to kada ya jira hutun ƙarshen shekara. Rai na Allah ne, amma ni da nake juya shi a gado na san nauyinsa kullum raguwa yake.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da kyau, ka ce ina godiya da maganin shafawar da ta aiko, yana yi masa amfani. Ka shafa mini kan 'yan biyu, ka ce Gwaggonsu mai keke tana nan da alkawarin riguna. Gwaggo da Kawu suna gaishe ka, Gwaggo ta ce in gaya maka wata magana, na ce ba zan rubuta ta a takarda ba. Maigidana ma yana miƙa gaisuwa.

Takarda ta goma sha ɗaya ita ce a naɗe cikin wannan. Kwanan watan ya nuna kana shekara shida, ranar da ka fara zuwa makaranta. Ma'anar da ya rubuta a ƙasa ita ce: Baba, buɗe ƙofa, na dawo. Na duba gaba da baya, ita kaɗai ce babu jan biro a jikinta. Sau uku ina kai ta bakin gadonsa ina fasawa, don in na karanta zai juyo ya dubi ƙofa, ni kuma ba ni da abin da zan nuna masa. Ban kwafe ta ba, ban haddace ba, yanzu ba ni da sauran abin da zan ce da shi. Tana hannunka. Gadon nasa yana fuskantar ƙofa, kuma ba na kulle ta da rana.

Wassalam, ƙanwarka,
Auta