Dalilin da ya sa na bar lambun Baba

Turba, ƙasar Isa,
watan Safar, 1362.

Zuwa ga Yayana Kalilu a Kumasi,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya sa albarka a sana'arka ta goro. Mu nan sai godiya. Inno tana nan da ciwon gwiwarta, amma tana cin tuwonta. Maigidana Bawa har yanzu shina Jos wurin haƙar kuza, tun da ɗiban gwamna na aikin tilas ya hau kanshi bayan girbi. Malam Sodangi ne ke rubuta mini wagga takarda, na kuwa roƙe shi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara.

Saƙonka ya iso ta hannun fatake. Na ji an gaya maka na yi watsi da lambun Baba na fadama, na koma shuka cikin fasassun tukwane kamar mai wasan yara. Gaskiya ne, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shukar cikin gida ba ta ƙoshi, na sani. Bayan ɗakin Inno na jera tuluna shida da tsohuwar ƙwarya, na sa yakuwa da alayyafo da barkono, ruwan alwala ke rayar da su. Inuwar darni ta sa sun yi tsawo ba ƙiba, kaji na tono, akuya na leƙe. Abin da nake tsinka bai wuce miyar yini biyu ba. A fadama kuwa rana ta ishe su, ƙasa baƙa, albasa ɗaya sai ta cika tafin hannu, fangali uku sun ciyar da gidanmu har bazara. Ba wanda zai bar wannan don lalaci.

Da aka tafi da Bawa, ni da maƙwabciyarmu Tani muka ɗauki ban ruwan. Sati na biyu muka isa da hantsi, muka tarar fangulan duka sharkaf, guga a jiƙe, jigo na lilo a hankali, alhali ko ganye ba ya motsi. Na ce wani mai tausayi ne. Washegari haka, jibi haka. Na tambayi masu lambunan gefe, kowa ya ce bai ga kowa ba. Ran nan sai Tani ta kira ni ta nuna mini sawu cikin laka. Ƙafar dama cikakkiya, ta hagu kuwa jan ta ake yi. Kai ka san wanda kurkunu ya bar wa wagga tafiya, ka kuma san shekara biyu ke nan da muka rufe Baba.

Duk da haka ban daina zuwa ba, don yunwa ba ta san tsoro ba. Sai wata Laraba da rana tsaka, Yero, Bafillatanin nan abokin Baba, ya biyo da shanunshi. Ya daɗe arewa wajen kiwo, bai ji rasuwar ba. Ya gaishe ni da fara'a, ya ce tsohon ya rame amma ƙarfinshi na nan, kwana huɗu ke nan suna gaisawa ta kan shinge, har ya ba shi albasa. Ya buɗe jakarshi ya nuna mini ita, da sauran ƙasa a jikinta. Ya ce tsohon ya ba shi saƙo biyu, don wai in ya yi mini magana ba na ji. Na farko, kada in ƙara tsayawa bakin rijiyar lambun. Da na gaya mishi Baba ya rasu, sai ya zauna ƙasa, kuma tun ranar bai sake biyowa ta fadamar ba.

Na bi maganar. Ran Asabar muna tsinkar yakuwa can nesa, muka ji wani gum. Rijiyar ta rufta, ta haɗiye jigon da dutsen da nake takawa kullum in ina ɗiban ruwa. Malam ya ce a yi sadakar waina a yi wa mamaci addu'a, mun yi. Ban sake taka lambun ba. Masu wucewa sun ce har yau kore shar yake, ga shi ba rijiya.

Yaya, saƙo na biyu ne ya sa na nemi mai rubutu, ko Inno ban gaya mata ba. Yero ya ce tsohon ya nuna mishi wani sabon fangali da ya gyara kusa da inda yake zama, bai shuka komai ciki ba. Ya ce na Kalilu ne, shina tafe, ya kusa. Na je na gani da idona kafin ruftawar. Tsawonshi ya yi tsawon mutum. Ina ta gaya wa zuciyata gida za ka dawo, shi ke nan ma'anar. Amma don girman Allah, in akwai ciwon da kake ɓoye mana, ka faɗa. In wata tafiya ce gabanka, ka dakata. Ka yi sadaka, ka ba da amsa ga ayarin farko da zai taso, da rubutun hannunka, ba na wani ba. Kullum za ni bakin hanyar Isa in tari fatake har in gan ta.

Inno na gaishe ka. Ka gaishe mini da Safiyatu da ɗiyanku Binta da Na'Allah. Allah Ya tsare ka, Ya haɗa fuskokinmu a wanga gida.

Ƙanwarka,
Larai.