Ɗan Fari Ne Ni, Ba Baƙo Ba

Zuwa ga Kamarad Babban Darakta,
Kamfanin jigilar kaya na gwamnati da ke Kajehun,
Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan da ke ƙarƙashinka.

Sunana Isiyaku Garba, mazaunin Zango. Ni ne wanda ya ci jarrabawar shiga sashen lissafi, ya fara aiki a farkon damina, aka dakatar da shi kafin wata na biyu ya cika. Na rubuto maka da Faransanci ta hannun sakatarenka, ban ga amsa ba. Wannan karon na rubuta da Hausa don a karanta ta a ƙofar masallacinmu bayan Juma'a, gaban mutanen da suka san ni tun ina goye, kuma na ajiye fassararta ta Faransanci a biro ɗinka, wato ofishinka. Ban saba ɗaga murya ba, kuma na san a zamanin nan ƙaramin ma'aikaci ba ya yin haka ya kwana da kwanciyar rai. Shi ya sa ban sa kalma ɗaya a nan da ba zan iya kawo shaidarta ba.

Na farko. Ban musa doka ba. Wajibi ne ga mai ɗaukar aiki ya tabbatar wanda zai ɗauka ɗan ƙasa ne, ko baƙo mai izinin zama da aiki. Tun da aka koro baƙi daga Najeriya suka cika gari aka tsaurara wannan bincike, kuma ban ga laifin haka ba. Ƙarata a kan yadda aka yi binciken take.

Na biyu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haifaffen Kandi ne a arewacin ƙasar nan, ya yi fataucin shanu a Kwatano har ƙarshen ransa. Mahaifiyata 'yar Gaya ce ta Nijar, a ƙetaren kogi. A al'adarmu, mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta ta haihu a can, ta yi wankan jego, sai bayan arba'in a mayar da ita ɗakinta. Haka aka yi da ita. A lokacin ko tutar Faransa ba a sauke ba, nan da can duk hannu ɗaya ke mulki. Aka haife ni a Gaya, aka kawo ni Zango ina jariri, kuma ban san wani gida ba sai shi. Dokar ƙasa ta nuna cewa ɗa yana bin ubansa ko a ina aka haife shi. Ƙanena Habibu, uwa ɗaya uba ɗaya, a Zango aka haife shi, don shi ba ɗan fari ba ne. Yau yana tuƙa mota a tashar jirgin ruwa, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai. To, Kamarad, yaya gida ɗaya zai haifi baƙo da ɗan ƙasa?

A nan na yi lakwal, wato karatun boko, tun daga ajin farko har jami'a. Da aka kira mu bautar ƙasa, an aske mini kai, an ba ni kaki, an tura ni koyarwa a ƙauyen da ba na jin ko gaisuwarsu. Na je, na rera waƙoƙin juyin juya hali kamar kowa. Wanda ya miƙo mini kakin ya ga sunan Gaya a takardata, bai ce uffan ba.

Na uku. Shef, wato shugaban sashen ma'aikata, ya kira ni, ya ɗora yatsa a kan wurin haihuwata, ya ce in kawo katin zaman baƙi. Na nuna masa katin dantite, wato katina na shaida. Ya turo mini shi da bakin alƙalami, ya ce, "Ku 'yan Zango, dantite kamar goro kuke sayensa." Na haɗiye. Na tafi wurin 'yan sandan shige da fice na nemi katin da ya ce. Jami'in ya duba takarduna, ya yi dariya, ya ce, "Kamarad, ba ma ba ɗan gida katin baƙo. Tafi kotu." Na je kotu na nemi takardar shaidar zama ɗan ƙasa, aka karɓi buƙatata, aka ba ni rasidi, aka ce in jira. Na kawo rasidin. Shef ya ce bai isa ba, amma idan ina da uwa ko uba a raye in kawo su ya yi musu tambaya da kansa.

Na huɗu, kuma saboda shi ne na kasa yin shiru. Na kawo mahaifiyata. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta taɓa taka benen gwamnati ba. Ta sa zanenta na Sallah, Habibu ya riƙe ta har sama. Shef bai ba ta kujera ba. Ya kira wani masinja mai ɗan jin Hausa ya yi tafinta, ya hana ni da Habibu buɗe baki, sannan ya nuna ni ya ce ta faɗi sunan ɗanta.

Kamarad Darakta, duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan Bahaushe ya san uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kuma girmamawa ce. Tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "Ai yayan Habibu ne." Ya sake tambaya. Ta ce, "Shi ɗin ne dai, ranka ya daɗe." Sai Shef ya buga tebur, ya juya ga magatakarda da sauran ma'aikata, ya ce da Faransanci su zo su ga uwar haya da ta manta darasinta. Aka yi dariya. Masinjan ya san al'adar, na ga haka a fuskarsa, amma ya ji tsoron aikinsa. Ita ba ta jin Faransanci, amma dariya ba ta buƙatar tafinta.

Abin da ya fi kowace takarda nuna cewa ita ta haife ni, shi aka ɗauka hujjar ƙarya. Da hayarta na yi, da ta rangaɗa sunan tun daga bakin ƙofa. Mutumin da aka ba shi binciken jama'a bai san jama'ar ba, bai kuma yarda a gaya masa ba. Delege, wato mai unguwarmu, yana nan, liman yana nan, ko ɗaya bai tura ya tambaya ba.

Na biyar. Kowace safiya motar kamfaninka tana tsayawa a bakin Zango tana kwasar masu dako zuwa sito. Da yawansu daga Nijar da Najeriya suke, kowa ya sani, kuma mutanen kirki ne masu neman halak. Ba wanda ke tambayarsu wurin haihuwa muddin buhu suke ɗauka. Ranar da 'yan sanda suka yi kame a bakin sito, su aka zuba a mota. Wanda ya ɗauke su ba tare da bincike ba, washegari ya zo da motarsa ya kwashi wasu. Idan doka ce, ta hau kan mai ɗaukar aiki a sito kamar yadda ta hau kaina a biro. Ko kuwa sai ɗan Zango ya zauna a kujera ake tunawa da ita?

An sanar da ni cewa a ƙarshen watan nan za a ba wani gurbina. Saboda haka ina roƙo:

A riƙe mini gurbina har kotu ta yi hukunci. Idan ta ce ni baƙo ne, zan tafi ba tare da wata kalma ba.

A rubuta a liƙa a ƙofa irin takardun da kamfani yake nema, don kada a sake tura ɗan ƙasa neman katin baƙi.

A nema wa masu dako izininsu kafin a sa su aiki, kada a bar su su kaɗai da 'yan sanda.

Roƙo na ƙarshe ya fi mini sauran. Jiya mahaifiyata ta aiko Habibu ya gaya mini cewa in dai sunan ne ya tsaya mini, a mayar da ita benen, za ta rufe ido ta faɗa. Na ce masa a'a. Ina son aikin nan, Allah ya sani, na yi karatu dominsa, kuma ina tsoron rasa shi. Amma ba zan sa ta sake hawa wannan bene don ta zubar da abin da ta riƙe tun ranar sunana ba. Kada a sake kiranta. Shef ne ya kamata ya sauko Zango ya ba ta haƙuri, kuma za mu ba shi kujera.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga sharrin masu ba ka labari rabi, ya raya maka 'ya'yanka, kada ya nuna maka ranar da za a yi wa mahaifiyarka dariya a gabanka.

Wassalam.

Isiyaku Garba,
yayan Habibu,
Zango, Kwatano.