Haƙora Biyu a Bakin Teku

Gqeberha, Afirka ta Kudu

Yaya Chilufya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ni lafiya lau.

Har yanzu soson teku, wata halittar ruwa, nake nazari a kai, ina neman yadda ƙwayoyin halitta suka fara bambance samansu da ƙasansu har suka haɗu suka zama jiki. Ranar Talata ina ɗibarsa, ɓarayin kifi uku suka tare ni.

"Ke ce idon 'yan sanda, ko?"

Kafin in amsa, ɗaya ya maka min ƙarfe a baki. Suka tattake kwalaben da nake adana soson a ciki, aikin wata bakwai. Haƙora biyu sun zube.

Don Allah kada Mama ta ji. In ta ga ba na murmushi a hoto, ka ce boko ne ya sa ni girman kai.

Ƙanwarka,
Mwansa